Maganin Surutun Baba

Laifin Baba guda ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: abin da idonsa ya gani, bakinsa ba ya iya ajiyewa. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana ɗinki, ya saba auna mutum tun daga bakin ƙofa. Ranar da ɗansa Dokta ya gayyato shugaban ofishinsu cin abincin rana, an goge falo, an fito da farantan da ba a taɓawa, an lallaɓi Baba ya zauna a ɗakinsa. Ya kuwa zauna, na minti goma. Sai ga shi da tef a wuya, ya gaida baƙo cikin mutunci, ya tsaya yana duban kafaɗarsa.

"Ranka ya daɗe, wa ya yi maka wannan aika-aika?" in ji Baba. "Hannun dama ya fi na hagu da inci guda. Tuɓe in gyara maka kafin a zuba abinci."

Baƙo ya yi dariya har da hawaye, ya ce tsohon nan ya burge shi. Madam, matar Dokta, ita ma ta yi dariya, amma a haƙora ta tsaya. Yaya na tsaye da tire a ƙofar kicin, ta ga yadda ƙaninta ya sunkuyar da kai, ta san maganar ba a falo za ta ƙare ba.

Yaya ita ce babbar 'yar Baba. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙaninta, aka ba ta ɗakin da ke jikin na Baba, aka kuma ba ta Baban gaba ɗaya: wankinsa, abincinsa, da ƙwayar hawan jini guda ɗaya da likitan asibiti ya rubuta masa kowace safiya. Ƙanin nata ba likita ba ne, harhaɗa magunguna ya karanta. Unguwa ce ta sa masa Dokta, shi kuma saboda tsabar tawali'u bai taɓa gyara wa kowa ba. Baba da Yaya kaɗai ke ce masa Auta.

Dokta na da kantin magani a bakin titi. Takardar shaidarsa na rataye a bango cikin gilashi, a gefenta kuma, jikin ƙusa, farar rigar aiki da Baba ya ɗinka masa da hannunsa satin da ya gama karatu. Takardar da rigar su ke tsaron kanti tun safe har a rufe, mai su yana can ofis. Mai miƙa magani ƙanin Madam ne, gardi da gemunsa, wanda cajar waya yake sayarwa kafin Allah ya ɗaukaka shi. Ana ce masa Nan-take, don kafin ka gama faɗin abin da ke damunka ya ƙulle maka leda.

Baƙo na tafiya aka kira Yaya falo.

"Ni ba ƙorafi nake yi ba," Madam ta fara, wanda shi ne yadda take fara kowane ƙorafi. "Uba uba ne. Amma tun ƙarfe bakwai keken ɗinkin nan ke kaɗawa, kaina kamar ya tsage. Shekaranjiya ya ce wa ƙawata zif ɗinta a karkace yake, a gaban mutane. Yau kuma ga wannan."

"A karkacen yake," in ji Yaya a hankali.

"Yaya," Dokta ya ce, da muryar da yake yi wa marasa karatu bayani, "abin da ke kike gani surutu, mu a wajenmu alama ce. Ƙwaƙwalwar ce ba ta samun hutu. Zan aiko da wani abu, ki riƙa ba shi rabi bayan abincin rana."

"Ba za a kai shi wajen likitansa ba?"

"A je a yini a layi don a rubuta abin da na riga na sani? Shekara biyar ɗin da na yi a makaranta, shara na je yi?"

Yaya ta miƙe ta fita. Ita a aji shida aka cire ta, kuma tana cin abinci a gidan nan.

Washegari Nan-take ya kawo 'yar leda da 'yan ƙwayoyi shuɗaye a ciki. Babu sunan magani a jiki, babu kwanan wata, sanda ɗaya kawai aka ja da biro. Yaya ta raba ɗaya biyu da wuƙa, ta kai wa Baba da kofin ruwa.

"Wannan kuma na mene ne?" ya tambaya, ƙafarsa na kan keke.

"Auta ne ya aiko, Baba."

"To, in Auta ne, kawo." Ya haɗiye, ya lashe baki. "Kin ga amfanin karatu? Wasu sai sun je asibiti, mu asibitin ne ke kwana a gidanmu."

Ranar Baba ya yi barci daga azahar har rana ta faɗi. Gidan ya yi tsit. Madam ta kalli fim biyu a jere, ta ce wallahi maganin nan akwai albarka. Ranar da ƙawayenta za su zo sai ta leƙo ɗakin Yaya ta ce Dokta ya ce yau a ba shi guda, kada ya wahalar da kansa. Bayan sati biyu guda ɗin ya zama na kullum, aka ƙara wani da safe, saboda safiya ma ai lokacin hutu ce.

Jiri ne ya fara zuwa. Baba ya miƙe zai ɗauko almakashi sai ya dafe bango, ya ce ɗakin na yawo da shi. Yaya ta yafa mayafi ta nufi kanti.

Ta tarar da mutane. Wata mata na cewa a ba ta ja-da-baƙi guda biyu, ɗanta na zawo, Nan-take ya yanko mata biyu daga kati ya ƙara mata da fari ɗaya kyauta. Wani dattijo ya miƙa takardar likita. Nan-take ya ƙura mata ido, ya matso da ita, ya nesanta ta, ya ce, "Wannan ya ƙare, amma ga yayansa, ya ma fi shi ƙarfi." Ya buɗe firij ɗin da aka saya don allurai ya ciro wa wani lemo mai sanyi. A saman kansa hoton Dokta na murmushi cikin gilashi, farar riga na shan ƙura a ƙusa.

"Baba ne ke jin jiri in ya..." Yaya ta fara.

Leda ta riga ta iso gabanta, sanda biyu a jiki.

"Ba ka tambayi abin da yake sha ba."

"Haba Yaya, Baba ai namu ne. Baƙo ake yi wa tambayoyi."

"Ko za ka zo ka auna masa jini? Na ga kuna da abin awo."

"Akwai, amma batirin na cikin rediyo. In na sayo wani zan zo."

Ta ce masa ƙwayar hawan jinin ma ta ƙare, doguwa ce ruwan ƙwai. Ya ba ta wata fara mai zagaye, ya ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Da yamma ta gaya wa Dokta batun jiri. Yana cire takalmi ya ce, ba tare da ya leƙa ɗakin Baba ba, jinin ne ya hau. Washegari ya zo da wata ƙwaya ruwan hoda a leda, ya ce a haɗa da abin da ake ba shi. Bai tambayi abin da ake ba shin ba, ita kuma ta ɗauka ya sani.

Daga nan abin ya zama kamar ana tsinke zaren riga. Bakin Baba ya bushe, aka kawo leda. Ya kwana huɗu bai zaga ba, aka kawo leda. Hannunsa ya fara rawa, aka kawo leda. Ya daina cin abinci, aka kawo ta buɗe ciki. Kowace leda da sandunanta, babu mai suna ko ɗaya. Yaya ta rasa inda za ta zuba su, sai ta ɗauko tsohon gwangwanin da Baba ke ajiye maɓallai, ta juye maɓallan a kwano, ta jera ledojin a ciki. Ta haddace su da kala: shuɗiya safe da rana, fara da ruwan hoda da safe, koriya in ya ci abinci, ƙaramar ja kafin ya kwanta. Ba ta taɓa kuskure ba ko sau ɗaya, har tana ɗan alfahari da hakan a ranta.

Keken ɗinki ya yi shiru. Da farko Madam ta rufe shi da zane don ƙura, daga baya ta sa aka kai shi sito don Baba kada ya yi tuntuɓe da shi. Tef ɗin kaɗai ya rage a wuyansa, yana zaune bakin gado da shi, miyau na zuba a ƙirjin riga. Mutumin da in ka wuce da aljihu a karkace sai ya kira ka tun daga zaure, yanzu Yaya na sa masa riga a bai-bai don ta gwada shi, ko kallo bai yi ba.

Wata Asabar Dokta ya shigo ɗakin neman wata takarda. Baba ya ɗago da ƙyar, ya yunƙura zai miƙe.

"Sannu da zuwa, Dokta," ya ce. "Ranka ya daɗe, yarona ma irin aikinku ya karanta."

Yaya ta bi ƙaninta har tsakar gida.

"Bai gane ka ba."

"Na gani. Mantuwar tsufa ce, haka take farawa." Ya girgiza kai cikin tausayi. "Ki gode wa Allah mun fara magani da wuri. Da yanzu abin ya fi haka."

"Kafin maganin ai lafiyarsa ƙalau."

"Haka kika gani da ido. Ciwon na ciki."

Madam ta sa baki daga kan kujera tana yanke farce. "Ni dai na ga ya fi natsuwa. Ko maƙwabta sun ce Baba ya zama salihi."

Yaya ba ta yi karatu ba, amma ita ke wanke zanen gadon da Baba ya fara jiƙawa. Ranar Litinin ta ɗauki shuɗiyar, ta juya ta a tafin hannu, ta mayar da ita leda. Talata ma haka. Ranar Laraba Baba ya kasa zama wuri ɗaya, gumi na keto masa, amma idonsa a buɗe yake. Ya dafa bango ya fito tsakar gida, ya dubi Madam, ya tambaya da muryar da aka kwana biyu ba a ji ba:

"Wa ya ɗauke mini keke?"

Madam ta shiga ɗakin Yaya, ta buɗe gwangwani, ta zazzage shuɗayen a tafinta ta duba, ta kira mijinta a waya. Ko awa ba a yi ba ya iso, shi da bai taɓa barin ofis don jirin Baba ba.

"Kin san haɗarin tsayar da irin wannan magani haka kawai?" ya ce, ransa a ɓace. "Akwai ƙa'ida, Yaya. Magani ba gyaɗa ba ne."

Wannan ne karo na farko da Yaya ta ji kalmar ƙa'ida a gidan.

"Ya tambayi kekensa," ta ce. "Ya gane kowa."

"Kin ga gumin da yake yi? Kin kusa kashe shi. In kula da Baba ya fi ƙarfinki ki faɗa, a nemo mai yi, ɗakin ma a ba ta."

Bai ce ta tafi ba, ai shi mutum ne mai zumunci. Yaya ta dubi ƙofar ɗakinta, ta dubi Baba yana haki jikin bango. Ta je ta ɗebo ruwa. Da hannunta ta sa masa shuɗiyar a baki, ya haɗiye don an ce Auta ne ya aiko. Ta tsani hannun nan nata, ta tsani kanta, kuma ta ci gaba da bayarwa safe da rana.

Bayan sati uku wani abokin Dokta ya raɗa masa cewa masu duba kantunan magani za su zo ranar Talata ƙarfe goma, ziyarar ba-zata. Kwana biyu ana aiki. Aka kwashe lemo daga firij, aka mayar da batir cikin abin awon jini, aka loda kwalayen da kwanansu ya wuce a but ɗin mota. Aka sayo sabon littafin rajista, Dokta ya zauna ya cike shi da biro kala uku don kada a ce rana ɗaya aka rubuta. Nan-take aka ba shi hutun yini guda. Farar riga ta sauko daga ƙusa ta zo gida, aka ba Yaya ta wanke ta goge.

Tana guga da safiyar Talata ta ga maɓallin tsakiya na lilo da zare ɗaya. Ta ajiye dutsen guga za ta nemo allura, sai ta ji ƙara daga banɗaki, kamar an yar da buhu.

Baba na kwance a kan siminti, ƙafarsa ta dama ta juya waje ta yadda ƙafa ba ta juyawa. Ba ya ihu, nishi kawai yake yi, idonsa rabi a rufe. Dokta ya zo ya tsaya a ƙofa yana zura hannu a farar riga. Ya duba agogo kafin ya duba ubansa.

"Targaɗe ne," ya ce. "A kwantar da shi. Zan turo a yi masa allurar ciwo. Da mutanen nan sun tafi zan dawo."

"Auta, dubi ƙafar."

"Yaya, in aka rufe kantin nan, me za mu ci? Har da ke. Awa biyu ne kawai."

Motarsa ta fita. Madam ta ce ita ba ta iya ganin irin wannan, zuciyarta ba ta da ƙarfi, ta shige ɗaki. Minti ashirin sai ga Nan-take, da yake yana hutu, da sirinji a aljihun gaba kamar biro.

"Ina majinyacin?"

Yaya ta tsaya a ƙofar banɗaki ta ware hannuwa.

"Mene ne a ciki?"

"Na ciwo ne."

"Sunansa."

Nan-take ya dubi sirinjin, ya dube ta. "Yaya, yaushe muka fara haka?"

"Yau. In ka taɓa shi sai na tara maka unguwa."

Ta fita titi ba takalmi ta tsayar da tasi. Direban da wasu maƙwabta biyu suka ɗauko Baba a kan bargo. Har ta shiga mota ta fito da gudu, ta ɗauko gwangwanin.

A asibiti aka yi hoto, aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye. Likita ya auna jini, ya sake aunawa, ya ce jinin tsohon nan ya yi ƙasa ƙwarai, me yake sha? Yaya ta miƙa masa gwangwani. Ya buɗe, ya rufe, ya sa aka kai ta wajen mai harhaɗa magunguna ta asibitin, wata dattijuwa mai tabarau da furfura a gefen ɗankwali.

Matar ta jera ledojin a kan tebur. Goma ne. Ta daɗe tana juya ƙwayoyi ƙarƙashin fitila, tana duba wani littafi, tana rubutu.

"Wannan farar da wannan ruwan hodar abu ɗaya ne," ta ce, "riga kawai suka bambanta. Sau biyu ake sauke masa jini kullum. Wannan shuɗiyar ta barci ce mai ƙarfi, ba a bayar da ita sai da takardar likita, kuma tsoho irin wannan ana gudun ba shi, don faɗuwa take sa su. Wannan ta jiri ita ma tana sa barci. Waɗannan huɗun an ba shi ne don gyara ɓarnar waɗancan. Waɗannan biyun ko ni ban gane su ba." Ta ware farar gefe. "Wannan kaɗai yake buƙata. Wa ke ba shi sauran?"

"Ni," in ji Yaya.

"Wa ya rubuta?"

"Ba a rubuta ba."

"A ina aka saya?"

Yaya ta daɗe tana kallon ledojin kafin ta faɗi sunan kantin, ta ƙara da cewa na ƙaninta ne. Matar ta cire tabarau ta goge shi da bakin mayafi.

"Na san shi," ta ce. "Shi ya yi mana lacca bara a kan ƙa'idojin aiki. Mun tafa masa sosai."

Ta jawo aljihun tebur ta ciro takarda, ta cike ta, ta karanta wa Yaya abin da ta rubuta. Ta ce ita za ta rubuta nata rahoton, amma leda marar suna ba ta nuna kanti, sai wanda ya karɓo ya sa hannu. Ba dole ba ne, in ji ta, ofishinta na nan kullum har ƙarfe huɗu. Ta riƙe ledojin ta mayar wa Yaya gwangwani. Yaya ta ninke takardar ta sa a ciki. Ɗakinta ta tuna, da katifarta, da cewa ba ta da wani wurin.

Dokta ya iso bayan la'asar, shi da Madam da Nan-take. Masu dubawa sun yaba, har sun ce za su riƙa misali da kantinsa. Ya saurari bayanin likita yana gyaɗa kai irin na abokin aiki, sannan ya ja Yaya gefe.

"Me kika ce musu?"

"Abin da suka tambaya."

"Ki koma ki ce Baba ne ke saye da kansa wajen masu talla. Tsoho ne, ba wanda zai tuhume shi. Wannan maganar gida ce, Yaya."

"Mu da muka yi don ya samu hutu," in ji Madam, tana share idon da ba hawaye. "Alheri dai ba ya karɓar wasu."

"Ni abin da aka ce in bayar nake bayarwa," in ji Nan-take. "Kuma duk unguwa ba wanda ya taɓa dawowa ya ce bai ji daɗi ba."

Aka yi wa Baba aiki a ƙugu. Likita ya gaya wa Yaya gaskiya: a shekarunsa, da yadda jikinsa ya lalace, da wuya ya sake takawa da kansa. Suka riƙa janye shuɗiyar kaɗan-kaɗan, sauran suka zubar. Yaya na kan kujerar roba a gefen gado, tana juya shi, tana share masa baki. A kwana na shida ya ci abinci da kansa. A na tara wata nas ta zo cire masa ruwa, ya bi ta da kallo, ya ce wa ya yanka mata wuyan rigar nan, ai ya cuce ta. Nas ta yi dariya. Yaya ta fita baranda ta yi kuka mai isarta.

Ranar da hantsi Dokta ya zo. Ba lokacin ziyara ba ne, amma ya gano cewa mai gadi ba ya tare farar riga, don haka rigar ta samu aiki na biyu. Ya shigo yana gaisawa da nas-nas, ya tsaya a ƙarshen gado.

Baba ya dube shi tun daga kafaɗa har ƙasa.

"Auta," ya ce.

Dokta ya matso gefen gado.

"Ina maɓallin tsakiya? Haka kake yawo a gaban manya, riga a wangale? Sai a ce ba ka san aikinka ba. Tuɓe ka kawo."

Dokta ya tuɓe, ya miƙa. Baba ya shimfiɗa rigar a cinyarsa, ya shafa ɗinkin kafaɗa da yatsa, ya gyaɗa kai, aikinsa ne kuma bai saki ba. Ya ce Yaya ta duba ko akwai allura. Ta buɗe gwangwani. A ƙasan takardar da ta ninke akwai ragowar maɓallai biyu da ba su zube ba, da allura soke a ɗan ƙyalle da farin zare. Ta miƙa masa.

Baba ya lashi bakin zare, ya ɗaga allura saitin taga. Hannun ya ƙi tsayawa. Zaren ya wuce ta dama, ya wuce ta hagu. Ya sake lasa, ya dafe gwiwar hannu a ƙirji, ya sake gwadawa. Mutumin da ke zura zare yana hira ba ya ko kallo, ya yi sau bakwai, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Allurar ta suɓuce ta faɗa cikin zanen gado. Ya dubi hannuwansa, sannan ya dubi ɗansa da kunya.

"Ka yi haƙuri, Auta," ya ce. "Duk ƙoƙarin da ka yi a kaina, ga yadda na koma. Tsufa ne."

"Haka ne, Baba," in ji Dokta, idonsa a ƙasa. "Tsufa ne."

Yaya ta lalubo allurar ta soke a ƙyalle. Ta ɗauke farar rigar daga cinyar Baba ta miƙa wa ƙaninta yadda take, ba maɓalli. Ta ciro takardar daga gwangwani ta warware ta.

"Ba tsufa ba ne, Baba," ta ce. "Bari in dawo, zan gaya maka ko mene ne."

"Yaya," Dokta ya ce ƙasa-ƙasa, "ki tuna inda kike kwana."

"Kwana tara ke nan a kan kujerar nan nake kwana, kuma na fi samun barci."

Ta zare biron da ke aljihun farar rigar, ta fita ta nufi ofishin matar mai tabarau.